Garwa Gida Ce Gare Ka, Amma Ƙasar Waje Ce Ga Motarka: Shawarwari 12 Kan Tsare Mota Daga Ɓarayi

Duk mazaunin Sangere ya san cewa titin da ya taso daga gadar Jimeta, ya ratsa garin, ya wuce ta ƙofar Jami'ar Modibbo Adama zuwa Girei da Song da Mubi, ba a cikin Najeriya kaɗai rassansa suka ƙare ba. Daga Jabbi Lamba akwai hanyar Belel, wadda ke kai mutum Demsa ta Kamaru da Gashiga har Garwa. Daga Mubi akwai ta Sahuda. Masu fita ta cikin Yola kuma suna da ta Fufore zuwa Gurin, a bakin Kogin Faro. Ta waɗannan hanyoyi mutanenmu ke zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya da fatauci da gaida dangi.

Zumuncin kuwa tsoho ne. A Gurin Modibbo Adama ya zauna kafin ya kafa Yola a 1841, kuma Garwa da Ngaundere duk suna cikin ƙasar Fombina kafin Turawan Ingila da na Jamus su raba ta. Shi ya sa ɗan Adamawa in ya sauka Garwa ba ya jin baƙunta: Fulatancin nan ne, Hausar nan ce, tuwon ma shi ne.

To, wannan sabo shi ke jawo sakaci. Kai ba ka zama baƙo ba, amma motarka ta zama. Lambarta ta Najeriya tana shaida wa kowa cewa mai ita matafiyi ne. Inshorarta wataƙila ta tsaya a bakin iyaka. Jami'in da za ka kai wa ƙara da Faransanci yake rubutu, kuma wata doka yake bi. Mota a gidajenmu ba abin hawa ba ce kawai. Tarin guminmu ne na shekaru, wani lokaci ma da ita ake ci da iyali. Ga abin da ya kamata kowane gida ya kiyaye.

1. Fara da tambayar ko lalle sai motar ta haye

In kai kaɗai ne, kuma kwana biyu za ka yi, sau da yawa motar haya ta fi kwanciyar hankali. Mota ƙirar Hilux ko Land Cruiser ko Prado tana cikin waɗanda ɓarayi ke kwaɗayi, domin tana da kasuwa a duk ƙasashen yankin nan kuma tana shiga daji. In ka yanke shawarar barin ta, ka bar ta cikin gida a kulle, ka cire kan batir, makulli kuma ya zauna a hannun uwargida. Kada ka kai ta bakin iyaka ka jingine ta a gindin bishiya da nufin ka dawo ka tarar da ita. Wannan ya fi shafar masu bi ta Gurin da damina, lokacin da Faro ke cika. In dole ne ka bar ta a can, to ya zama a gidan wanda ka sani, ka san iyalinsa.

2. Haɗa takardu tun da sauran kwanaki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tattara takardar mallaka da lasin mota da na tuƙi da takardar kwastan da ta inshora. Ka yi musu kwafi kashi biyu: kashi ɗaya ya zauna a gida Sangere, ɗaya a jakar wani daga cikin abokan tafiya. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa ɗan'uwan da ba ya cikin tafiyar.

Ka rubuta lambar shasi da ta inji a takarda daban. Lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma a yawancin motoci ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ɓarawo yana sauya lambar mota cikin minti kaɗan, amma lambar shasi tana ba shi wahala. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe, har da lotsawa da ƙarcewa da ɗinkin kujera, domin irin waɗannan alamu ke raba gardama in an sake mata fenti.

In takardun suna ɗauke da sunan wanda ya sayar maka, ko motar ta wanka ce, ka nemi takardar izini ko ta rantsuwa daga kotu. Wanda sunansa ba ya jikin takarda zai sha wuya kafin a saurare shi a ofishin jandarma. Ka kuma yi wa motar rajista a kundin motoci na 'yan sandan Najeriya da ake kira e-CMR, wanda ake cikewa ta intanet.

Akwai wani abu da masu sayen tokumbo ba su cika tunawa da shi ba. A 2024 hukumar Interpol ta sanar cewa cikin 'yan watanni an gano motoci fiye da 1,500 da aka sace a Kanada a ƙasashe daban-daban, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da irin waɗannan motoci ke ƙarewa. In ka sayi mota ba tare da bincike ba, ana iya riƙe ta a ƙasar waje a matsayin ta sata, kai kuma ka shiga tuhuma. Ka tabbatar da asalinta kafin ka fitar da ita.

3. Ka san abin da inshorarka ke biya da wanda ba ta biya

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙaramar inshorar da aka fi yi, wadda hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai. Ba ta biyan sata ko a Jimeta, balle a Marwa. Katin inshora na ECOWAS da ake kira Brown Card shi ma haka yake, kuma Kamaru da Cadi ba sa cikin ECOWAS. Su suna ƙungiyar CEMAC ne, nasu katin shi ne Carte Rose, shi ma ɓarnar da aka yi wa wani yake biya.

Cikakkiyar inshora ce kaɗai ke biyan sata, ita ma tana da iyakar ƙasar da take aiki. Ka je wurin kamfaninka ka tambaye su kai tsaye: in an sace motar nan a Kamaru, za ku biya? In sun ce sai an ƙara kuɗi, ka ƙara, su rubuta maka a takarda mai hatimi. Alkawarin baki na dillali ba ya tsayawa a gaban kowa.

4. Shiga ta ƙofa, kada ka bi ɓarauniyar hanya

Iyakarmu da Kamaru cike take da ƙananan hanyoyi, kuma ba za ka rasa wanda zai ce zai zagaya da kai don ka huta da jami'ai ba. Kada ka yarda. Ka tsaya a ofishin kwastan, ka karɓi takardar shigar da mota ta wucin gadi, wadda ake kira passavant da Faransanci, ka duba kwanakin da aka ba ka, ka tabbatar an rubuta lambar shasi daidai. Wannan takarda ce shaidar cewa motar ta shiga ƙasar da izini. Wanda ya shiga ta daji aka sace masa mota, da wane baki zai kai ƙara? Tambayar farko da za a yi masa ita ce ta ina ya shigo.

A bakin iyaka za ka ga masu cewa su taya ka zirga-zirgar takardu. In za ka yi amfani da ɗaya, ka bi shi ƙafa da ƙafa. Asalin takardu da makulli kada su bar hannunka.

5. Na'urar bin sawu sai an gwada ta a ƙetare

Mutane da dama a Yola sun sa wa motocinsu tiraka, amma kaɗan ne suka tambayi yadda take aiki. Na'urar tana sanin inda mota take ta tauraron ɗan'adam, amma da layin waya take aiko maka da labari. In layin na Najeriya ne kuma ba a buɗe masa aiki a waje ba, da zarar kun yi nisa da iyaka sai ta yi shiru. Ka tambayi wanda ya sa maka ko layin zai hau kan MTN ta Kamaru ko Orange, ka zuba masa isasshen kuɗi, sannan in ka haye ka tsaya ka gwada kafin ka ci gaba.

Ka bai wa mutum ɗaya amintacce a gida damar ganin motar a wayarsa, domin in an ƙwace mota galibi har da waya ake haɗawa. Ɓarayi sun san wuraren da aka saba ɓoye tiraka, wato ƙarƙashin sitiyari da bayan rediyo. Mai hali ya sa biyu, ta biyun mai batirinta daban, a wurin da ba a saba ba.

6. Ka ɓata wa ɓarawo lokaci

Ɓarawo ba abin da yake tsoro kamar jinkiri. Kwaɗon sitiyari mai launi, wanda ake hangowa daga waje, yakan sa ya wuce zuwa wata. Akwai kuma mai kulle birki da kuloci, da mai kulle giya. Abin da ya fi su duka araha shi ne ɓoyayyen makunni da ke yanke wutar famfon mai, ta yadda ko an murɗa makulli mota ba za ta tashi ba. Ka sa mai wayarin da ka daɗe da sani ya yi maka, kana tsaye, mako biyu kafin tafiya, domin in akwai matsala ta bayyana a gida. Ka sa a zana lambar motar a jikin gilasai. Mai sayen kayan sata ba ya son motar da sai ya sauya mata gilashi duka.

Masu sababbin motoci da ake tayarwa da maɓalli su lura: akwai na'urar da ke janyo saƙon makulli daga cikin ɗaki zuwa mota, ta buɗe ta kamar kana kusa. Da dare ka sa makullin cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da ƙofa da taga.

7. Makulli ba ya barin jikinka

Sau da yawa ba fasa mota ake yi ba, da makullinta ake tafiya da ita. Wurin wankin mota, garejin da ba ka sani ba, gefen famfo lokacin alwala, aljihun babbar riga da aka rataye a ɗakin baƙi: duk wuraren da makulli ke ɓata ko a kwafe shi ke nan. In mota ta lalace a hanya, ka zauna tare da bakanike har ya gama, in zai gwada ta ka shiga ku tafi tare.

A gidan biki za a zo maka da “Kawu, ara mini mota in ɗauko 'yan rakiyar amarya.” Ka tashi ka kai su da kanka, ko ka ba da haƙuri. Yaron bai san hanya ba, ba ya cikin takardun, kuma bai san inda zai ajiye ta ba. Safayar makulli ta zauna a jakar uwargida, ba a cikin mota ba. In ka danna rimot, ka ja hannun ƙofa ka tabbatar ta kullu, domin akwai na'urar da ke tare saƙon rimot. Kada ka bar inji yana aiki ka fita sayen ruwa, ko da shagon yana gabanka.

8. Nemi wa mota makwanci kafin ka nemi naka

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace nauyi, domin dare ne lokacin ɓarawo. Kafin ka biya kuɗin masauki ka duba abu huɗu: katanga, ƙofar da ake kullewa, fitila, da maigadin da ke kwana a wurin. Ɗaki mai sanyi ba shi da amfani in motar a titi za ta kwana. Ka gaisa da maigadi, ka san sunansa, ka gaya masa cewa ba wanda ka aika ya taɓa motar, ka kuma yi masa alheri da safe. Ka ajiye ta hancinta na fuskantar bango, ka karya sitiyari har ƙarshe, in da hali wata mota ta tare ta ta baya.

In a gidan dangi ka sauka, a tsofaffin unguwanni masu lunguna inda mota ba ta shiga, kada kunya ta hana ka magana. Ka ce wa mai masaukinka, “Yaya, ina motar nan za ta kwana?” Shi ya san maƙwabcin da ke da fili, ya san jauron unguwa, ya san wurin ajiya na kuɗi da ake yarda da shi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma da shi ake tsare kaya. Sefar da za ka biya ta kwana ɗaya ba ta kai kuɗin madubi ɗaya ba.

9. Kasuwa da masallacin Juma'a da wurin taro

A irin waɗannan wurare kowa hankalinsa na wani waje, kuma an san ba za ka fito da wuri ba. Ka ajiye mota inda ake da mai tsaro, ko a gaban shagon wanda ka sani, ko wani ya zauna a ciki. Kada ka bar jaka ko waya ko kwamfuta a kan kujera. In za ka sa kaya a but, ka sa tun kafin ka iso, ba a idon jama'a ba. Takardun mota kuwa kada su taɓa zama a cikinta. Wanda ya samu mota da takardunta ya samu hanyar wuce kowane shinge.

10. Tafiyar rana, kuma cikin ayari

Ka fito bayan asuba, ka sauka kafin magariba. Arewacin Kamaru ya daɗe yana fama da 'yan tare hanya da ake kira zargina, har ta kai gwamnatin ƙasar ta kafa runduna ta musamman, wadda aka fi sani da BIR, domin yaƙar su. Babban titin da ya haɗa Ngaundere da Garwa da Marwa da Kuseri yana da wuraren da ake tafiya mai nisa ba gari. Tsakanin Mora da Waza da Dabanga kuwa an sha fama da hare-haren Boko Haram. A kusa da Dabanga ne aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a Fabrairun 2013. Mai niyyar wucewa Injamena ta nan ya nemi labarin hanya na wannan makon, ba na bara ba.

Direbobin tasha su ne suka fi kowa sanin halin da hanya ke ciki. Ka tambaye su, in ya yiwu ka bi bayan motocinsu. Ka sha mai a cikin gari tun tanki bai yi ƙasa ba. In wani a kan babur ya nuna maka taya yana cewa ta sace, ko aka ɗan buge ka ta baya a wurin da ba kowa, kada ka tsaya nan take. Ka lallaɓa zuwa ƙauye ko shingen jami'ai. Kada ka ɗauki wanda ba ka sani ba, kome tausayin da ya ba ka.

Ka kuma kama bakinka. Ba sai an sa hoton mota da ranar tafiya a Facebook ko WhatsApp ba. A bari sai an dawo. In za ka ɗauki direba, ya zama wanda ka san gidansu da mai tsaya masa. Wanda ya taya motar a can ya ce zai ɗana ta, ka ce ba ta sayarwa ba ce.

11. In an nuna maka makami, ka miƙa

Babu motar da ta kai ran mutum. Ka ɗaga hannu inda za a gani, kada ka yi motsi da sauri, kada ka zura musu ido, kada ka yi gardama. Ka faɗa a fili cewa akwai yara za ka fito da su, ka fara da su. Tun a gida ka gaya wa iyali abin da za su yi: ba ihu, ba riƙe jaka, kowa ya fita ya matsa nesa. In tirakarka tana kashe inji daga nesa, kada wanda ke gida ya kashe ta sai ya tabbatar ba wani naku a ciki, kuma kun bar wurin. Bin sawun ɓarayi aikin jami'ai ne, ba na 'yan'uwa da abokai ba.

12. In ta auku, sa'ar farko ita ce mai daraja

A Kamaru lambar 'yan sanda ita ce 117, ta jandarma kuma 113. Ka ajiye su a waya kuma ka rubuta a takarda. Ka je ofishi mafi kusa tare da wanda ke jin Faransanci, ka ba da lambar shasi da hotuna da inda tiraka ta nuna. Kada ka fito sai da takardar shaidar ƙara mai hatimi. Da ita za ka koma wurin kwastan, domin a littafinsu motar ta shiga ba ta fita ba, kuma in ba ka nuna hujja ba ana iya ɗauka sayar da ita ka yi, a nemi ka biya haraji.

Nan take ka kira gida. Wanda ke riƙe da kwafin takardu ya kai rahoto ga 'yan sanda a Girei ko hedikwatarsu ta jiha, domin motar na iya juyowa Najeriya ta Belel ko Sahuda kafin gari ya waye. Ka nemi a shigar da ita kundin motocin sata na Interpol, wadda ke da ofishi a Abuja da Yawunde. Ka sanar da kamfanin inshora a ranar, a rubuce. In takardun tafiyarka sun tafi tare da motar, Najeriya tana da ofishin jakadanci a Yawunde da ƙananan ofisoshi a Duwala da Buya. Ka kuma kai hoton motar ga shugabannin direbobi da kanikawa na garuruwan iyaka ta ɓangarorin biyu. Idonsu yana kan hanya dare da rana.

Daga nan sai ka yi hattara da masu cin kasuwa a kan asarar mutane. Za a kira ka a ce an ga motarka, ka turo kuɗin mai ko na fansa. Kada ka tura ko sisi, ka miƙa lambar ga jami'in da ke riƙe da ƙararka.

Kafin tafiya ta gaba, maigida ya zaunar da uwargida da manyan yara a raba aiki: wa zai riƙe kwafin takardu, wa zai duba tiraka, wa za a kira a Garwa, wa za a kira a Jimeta. A rubuta lambobin a takarda ɗaya, a yi ta biyu, ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana dukiya da rayuka.